Tantabarun Ƙyauren Inna

Shekarar da gulbi ya cika ya haura gonakin Jiratawa har ya shiga gidaje, ɗakin mahaifiyata na cikin waɗanda suka zauna ƙasa. Ita ba abin da ya same ta, maƙwabta sun fitar da ita tun ruwa bai kai gwiwa ba. An ceto gado, an ceto akwati, har tukwane an tsinto wasu a bayan gida. Ƙyauren ɗakin ne kawai ba a ƙara gani ba. Wasu sun ce ruwa ya ja shi cikin gulbi, wasu sun ce wani ya tsince shi ya kai wa masu sayen tsohon ƙarfe.

A shekarar ne na dawo Maradi bayan shekara ashirin da wani abu ina aiki a wani gidan buga takardu a Yamai. Aikin ya ƙare, na tattaro ordinatar ɗina, wato kwamfuta, da injin buga hoto na buɗe ɗan shago a Sabon Gari, ina yin katin suna da na aure da allunan talla. Matata da yara suka zauna can Yamai, wai sai yara sun gama shekarar lakwal, wato makarantar boko. Shekarar ta ƙare, wata ta kama, ita ma ta ƙare. Ni kuwa ina wani ɗaki na haya a unguwar Zariya, nan Maradi, da katifa ɗaya da butar shayi. Garin da na tashi a ciki ne, amma in na fita da yamma sai in yi tafiya mai nisa ban haɗu da wanda zai kira ni da sunan yarinta ba.

Na sa aka gina wa Inna sabon ɗaki na siminti, mai walda ya yi masa ƙyauren ƙarfe shuɗi, sumul, ba tabo ko ɗaya. Na tsaya ina jira a yaba mini. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yawan duban fuskata in tana magana. Ta shafa bangon, ta leƙa ciki, ta sa albarka. Sai ta ce, kamar da iska take magana:

"Ɗaki ya yi. Ƙyauren ne dai ba nawa ba. In na taho daga gona sai in wuce shi, in ɗauka gidan wasu ne."

Tun da nake ban taɓa jin ta roƙi wani abu daga wurina ba, kuma ko wannan ba roƙo ba ne. Amma na koma Maradi da maganar a kaina.

Mahaifina mai fenti ne. Shi ke yi wa manyan motocin alhazan Maradi zane a baya, ya rubuta wa masu aski da masu niƙa alluna. Tsohon ƙyauren Inna shi ya zana shi: bishiyar dabino, da tantabaru biyu a kan reshe. Iyakar abin da na sani ke nan, don ni ba mai tsayawa duban aikinsa ba ne. Tun ina ƙarami aka kawo ni gidan kawuna a birni don in shiga lakwal, kuma gaskiya kunyar sana'arsa nake ji. In na hango shi a tasha kan tsani, rigarsa duk ta zama wata kala, sai in canza hanya kada abokaina su gane. Da na girma kunyar ta tafi, amma nisan ya zauna. Ya rasu ina Yamai, na iso an riga an kai shi.

Babu hoton ƙyauren ko ɗaya. Na tambayi dangi, kowa ya ce ai wa zai ɗauki hoton ƙyaure.

A lokacin na riga na saba da manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira mai zana hoto. Ka rubuta mata abin da kake so, ta ƙera maka shi kafin ka kurɓi shayi sau biyu. Da ita nake yi wa amare furanni a bayan kati. Wata ranar Litinin da shago ya yi tsit na zauna na rubuta mata: ƙyauren ƙarfe, bishiyar dabino, tantabaru biyu, zanen hannu da fenti. Ta ba ni wata ƙofa irin ta otal, da tantabaru farare tas masu gashi ɗaya-ɗaya a lissafe, rana na faɗuwa a bayansu kan teku. Teku a Jiratawa! Na ƙara bayani, na ce na ƙauye, na ce na Afirka, na ce na talaka. Sai ta ba ni bukka da raƙumin dawa. Na yi tsaki na ce da ita a fili, "Ke kam ba ki taɓa zuwa ko'ina ba." Lokacin ne na lura na fara magana da na'ura, don yini ya kusa ƙarewa ban yi magana da kowa ba.

Magana ba ta iya kwatanta hannun mutum. Abin da ake yi shi ne a ba na'urar hotunan samfuri, a ce ta dubi waɗannan, ta ɗauki salonsu, ta zana sabon abu da shi. Ke nan sai na nemo aikin mahaifina, duk inda ya rage.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi, mutumin da ya yi shekara arba'in yana shafa wa gari fenti. Ashe fenti ba ya jiran kowa. Motocin an sayar, an sake musu launi, wasu an yanka su. Allunan kuwa irina ne suka kashe su, mu masu buga leda mai ƙyalli. Kuma bai taɓa sa sunansa a jikin aiki ba. Sai dai in je wurin tsofaffi in ce ina neman hannun mai fentin Jiratawa, su ce Allah ya jiƙansa, su tura ni gaba.

Wata uku na yi ina wannan yawo ranakun Lahadi, a kan babur. Abu huɗu na samu. Murfin bayan wata tsohuwar babbar mota a gidan wani alhaji a Sabon Gari, an jingine shi ya zama bangon garken awaki, da zaki a jiki wanda awakin suka goge wa rabin jela. Allon wani injin niƙa a Jiratawa, mai zabuwa biyu. Akwatin wani mai shayi da ya rasu, 'yarsa na ajiye kwanuka a ciki, da ɗawisu a murfin. Sai allon wani tsohon mai aski a Tibiri, da zakara a tsaye kan aska. Ranar da na je ɗaukar hoton wannan allo mai askin ba ya nan, ya tafi jana'iza, wata mai tuyar ƙosai a gefen rumfar ce ta ce in ɗauka ba komai.

Da na jera hotunan huɗu a fuskar ordinatar, a karo na farko na zauna na dubi aikin ubana da idon mai sana'a. Yana zagaye kowane abu da baƙin layi mai kauri, a ja ɗaya, ba ya ɗaga buroshi. Samansa ba shuɗi ba ne, kore ne mai haske. Ganyayensa a buɗe suke kamar yatsun hannu. Tsuntsayensa duk masu ƙirji ne, sun ci sun ƙoshi, suna tsaye da fahari. Mutumin ya iya. Na ji haushin kaina, kuma ba wanda zan gaya wa.

Na ba na'urar hotunan, na sake rubuta mata dabino da tantabaru. Akwai wurin da ake ƙara ko rage yawan biyayyar da za ta yi wa samfurin. Na kai shi ƙarshe, don ina son hannunsa tsantsa. Abin da ta fito da shi ya sa na yi dariya ni kaɗai har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo. Ta zana tantabarun, amma ta zuba musu tsatsa, ta kankare musu fenti, ta huda ramukan ƙusa a sama, har da wani tabo a ƙasa da na tabbata aikin awakin alhaji ne. Ita ba ta san wanne ne hannun mai zane wanne ne hannun shekaru ba. Duk abin da ka nuna mata, a wurinta salo ne. Da na rage biyayyar kuma sai ta manta da ubana ta koma tantabarunta na otal.

Sai na gane aikin nawa ne. Dole in wanke samfuran kafin in ba ta. Na yi mako biyu, duk lokacin da shago ya yi sauƙi, ina bin hotunan ɗigo-ɗigo. Na cire tsatsa, na cike ramukan ƙusa, na mayar wa zaki jelarsa, na tayar da jan da rana ta cinye. Ina cikin haka na lura da idanun dabbobin. Duk layukansa a tsabtace suke, amma idanun wasu dunƙulallun baƙaƙen tabo ne, ba siffa, wani babba wani ƙarami, na zakaran ma ya zarce har kan baki. Na ce a raina tsufa ne ya dame su, ko kuwa yara ne suka dangwala. Na goge su duka, na zana musu idanu masu kyau, zagayayyu, da ɗan farin ɗigo a tsakiya. Har na ji daɗi ina yi, wai ina gyara wa ubana abin da lokaci ya ɓata masa.

Wannan karon da na ba ta, sai ga shi. Koren sama, dabino mai buɗaɗɗun yatsu, tantabaru biyu masu ƙirji, baƙin layi a ja ɗaya. Na jima ina kallo. Na tura wa matata a waya, ta aiko da ɗan hoton babban yatsa kawai.

Ban yarda in kai wa Inna kai tsaye ba. Ina tsoron ta duba ta ce ya yi, irin "ya yi" ɗin da ta ce wa ɗaki. Na ce bari in gwada a idon wanda ya san hannun. Ranar Lahadi na hau babur na nufi Tibiri.

Na sami mai askin a rumfarsa da hantsi, tsoho siriri mai farin gemu, yana wasa aska ko da yake ba kowa a kan benci. Na gaishe shi, na faɗi ko ni ɗan wane ne. Ya ajiye askar ya riƙe hannuna da nasa biyu.

"Kai ne na Yamai? Yana yawan maganarka. Ya ce kai ma zane kake, amma da inji."

Ban san ya san abin da nake yi ba. Na buɗe hoton ƙyauren na miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya yi murmushi.

"Wanga kam hannunshi ne. Ka ga ƙirjin nan? Shi kaɗai ke ciyar da tsuntsu haka." Sai murmushin ya tsaya. "Amma ɗana, wa ya sa masu ido?"

Na ce na'ura ce, daga samfurin da na ba ta. Na nuna masa hoton allonsa yadda na gyara shi, ina jiran ya ce madalla. Ya dubi zakaran, ya ɗaga kai ya dubi na jikin allon da ke rataye a kanmu, sai ya fashe da dariya har yana tari.

"Kai, ɗan lakwal! Ka goge mani hannu!"

Ya ɗaga babban yatsansa na dama ya kai shi gaban hancina.

"Wancan tabon da ka gani, wanga yatsa ne. Ubanka bai taɓa sa ma abu mai rai ido ba. Shi gama komi, shi buɗe gwangwanin baƙi, shi kira mai abu shi ce dangwala. Malamai sun ce mai zana abu mai rai za a tambaye shi. To shi yakan ce, in anka tambaye shi, zai ce gangar jiki ya yi, mai abu ya buɗe mata ido, sai a raba masu nauyin. Da wasa yake hwaɗi, amma bai taɓa karyawa ba. Ko alhazai masu motoci, sai sun naɗe hannun riga sun hau tsani da kansu. Ni ranar hannuna rawa ya yi, shi ya sa ya zarce. Ya ce in bar shi, zakarana ne."

Ya dube ni da kyau, dariyar ta tafi. "Ba ka sani ba?"

Na ce ban sani ba.

Bai ƙara cewa komai a kai ba, Allah ya saka masa. Ya ce in zauna ya rage mini suma, tunda na zo. Na zauna. Ina jin askarsa a ƙeyata ina tuna mako biyun da na yi ina share yatsun mutane huɗu, ina ganin gwaninta nake. Duk Tibiri da Jiratawa da tashar Maradi sun san wannan abu game da ubana, har awakin alhaji sun fi ni zama kusa da aikinsa. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina yaro, sai dai yanzu ta juyo kaina.

Da na koma shago na ce da na'urar ta zana tantabarun ba ido. Ta ƙi. Ba da baki ba, amma duk yadda na juya maganar sai ta sa musu, in ta cire na ɗaya ta ƙara wa ɗayan girma. Ba ta taɓa ganin tsuntsun da aka bari da gangan bai cika ba. A ƙarshe na ɗauki wanda ya fi kyau na goge idanun da hannuna, na bar gurbin fari. Na buga shi a leda mai manne daidai tsawon ƙyauren, na naɗe, na biya kasuwa na sayi ƙaramin gwangwanin baƙin fenti.

Na isa Jiratawa bayan la'asar, ranar Juma'a. Masu lambu na dawowa da kwandunan ganye, ana jin ƙarar injin ban ruwa daga nesa. Inna na zaune a tabarma a tsakar gida tana tsinke zogale. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Yamai, na ce suna lafiya. Ban yi mata bayani ba. Na wanke ƙyauren, na bar shi ya bushe, na fara manna ledar daga sama, ina bi da tsumma ina korar iska. Ina jin ƙarar tsinke ganyen a bayana. Da dabinon ya fito sai ƙarar ta ragu. Da na kai kan tantabarun sai ta tsaya.

Ta tashi da ƙyar, ta dafa bango ta matso. Ta jima a tsaye. Ta sa tafin hannu a kan koren saman, ta bi baƙin layin da yatsa tun daga kan dabinon har gindinsa.

"Ina ka samo shi?"

"Ba shi ba ne, Inna. Na'ura ce ta kwaikwayi hannunsa."

"Reshen ya hi haka tsawo," in ji ta. "Amma shi ne."

Raina ya yi sanyi. Na ciro gwangwanin daga aljihu, na ɓalle murfin da makullin babur, na miƙa mata. Ta dubi fentin, sannan ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Wa ya gaya maka?"

"Mai askin Tibiri."

Ta gyaɗa kai. Ta tsoma ɗan yatsanta manuni, ta yi bisimilla, ta dangwala wa tantabarar dama. Tabon ya fito ɗan ƙarami, ya ɗan karkata. Nan take tsuntsuwar ta zama tata, ban san yadda zan faɗe shi ban da haka ba. Ta goge yatsan a gefen zanenta, ta juya za ta koma tabarma.

"Saura ɗayar, Inna."

Ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Waccan ba tawa ba ce. Shekarar da ka samu aiki Yamai ya yi zanen. Ya ce guda tawa, guda taka. Da ka zo salla ya aje gwangwani nan bakin ƙohwa, ya kira ka, ka ce kana cikin hwararen kaya, sai an jima. Wata sallar ya sake ajewa, ka ce mota za ta tashi ta bar ka. Daga nan bai sake kiranka ba. Na ce bari in sa mata, ya ce a'a, mai ita na zuwa."

Na yi ƙoƙarin tuna ranar. Na tuna farar shaddar, don ina ji da ita a lokacin. Kiran ne ban tuna ba. Sau nawa na tura wancan ƙyauren na shiga na fita, ban taɓa lura tsuntsuwa ɗaya ba ta gani ba.

Na tsoma yatsa a gwangwanin har ya wuce farce, na ɗaga hannu na nufi tantabarar hagu. Ban kai ba na ji ta riƙe mini wuyan hannu. Riƙon ba ƙarfi, amma ban iya motsawa ba.

"Bar ta," ta ce, a hankali, ba faɗa a muryarta. "Ni ƙyaurena na ce ina kewa, kuma ka maido mani shi. Hakanan yake. Hakanan na saba ganin shi."

Ta sake ni. Ta tattara zogalenta a faranti, ta ce bari ta ɗora mini ruwan tuwo kada in koma da yunwa. Ta shiga ɗakin ɗauko gari, ta jawo ƙyauren a bayanta saboda kaji. Na tsaya a tsakar gidan da baƙin fenti yana gangarowa a yatsana, ban san inda zan goge shi ba.